Gawon Baba Isufu da Jan Tsumma

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da aka naɗa ni shugaban ƙungiyarmu ta 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, masu dashen itatuwa. Ni ɗan ma'aikacin siminti ne, a Malbaza na tashi, gona sai dai in hango ta daga mota. Amma na karanta labarin hamada a littafi, kaina kuwa ya kumbura.

Muka loda dashen dogon yaro a amalanken jaki sai wani ƙauye kusa da Bazaga. Wani dattijo, Baba Isufu, ya yarda mu dasa a gonarsa, ya tafi gida ɗauko mana fura.

Can cikin gero na ga 'yan itatuwa uku, tsayinsu iya ƙirjina, ba ganye ko ɗaya, alhali komai kore shar. Kowanne an ɗaura masa jan tsumma. Abin ya ɗaure mini kai. Mataccen icce har da ɗankwali? Tsafi ne? Ko korar tsuntsaye? Na zagaya, na leƙa, na shinshina (wallahi har shinshinawa na yi).

Hadiza magatakardarmu ta ce, "Shugaba, mu jira mai gona mana."

"Hadiza, hamada ba ta jira," na ce, na karɓi adda. Na sare su, na dasa nawa a gefensu, har aka tafa mini.

Sai ga Baba. Ya ajiye ƙwaryar fura a hankali.

"Ɗana, mi gawona ya yi maka?"

"Baba, ai sun mutu."

Ya ɗauki guntun ya miƙo mini. Ɗanye sharaf!

"Gawo da damina yake zubda ganye, ya bar ma hatsi rana. Da rani ya yi ganye, bisashe su samu abin ci. Shekara ukku ina tsaronsu. Tsumman nan don masu sassabe na ɗaura." Ya dubi littafin da ke hammatata. "Su ba su yi lakwal ba, amma sun gane."

Kunya kamar in nitse. Furar nan ko kurɓa ban iya ba.

Duk hutu na riƙa komawa ina kewaye kututturan da ƙaya. Biyu suka tofo, ɗaya bai tofo ba. Dogon yarona kuwa ko rani bai kai ba.

Har gobe ina da son sanin abu. Sai dai yanzu mai gona nake tambaya kafin in karɓi adda.