Gidan da Hafsatu Take Tsaro

Ba zan taɓa mantawa ba da taron iyayen da aka yi a makarantar kwana ta su Hafsatu, ɗiyata ta biyu, can hanyar Batagarawa. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Daga waya abin ya faro. Yarinyar nan ta kira ni tana murna, ta ce, "Inna, an zaɓe ni mai tsaron gida!" Na ce, "Madalla, Allah ya yi miki albarka, ki riƙe da kyau." A zatona ɗakin kwanansu aka damƙa mata saboda natsuwarta. Ta ce tana buƙatar safar hannu mai kauri. Da ƙafata na shiga Babbar Kasuwa na sayo mata ta roba, irin ta wanke-wanke (ta karɓa ta yi godiya, 'yar nema, ba ta ce mini uffan ba).

Ni fa ban san komai game da ƙwallo ba. In maza suka kunna ta a gida, tashi nake in ba su wuri.

Ranar taro, shugabar makaranta ta ce wasu iyaye sun yi ƙorafi kan 'yan matan da ke buga ƙwallo, don haka yau za a yanke: a bar su ko a hana. Malamar wasanni ta fara bayanin cewa da dogon wando da hijabi suke yi, filin kuma a cikin katanga yake. Ban bari ta dire ba. Na miƙe na gyara mayafi (maigidana ya sha faɗa mini bakina ya fi hankalina sauri).

"Haba jama'a! Mace da guje-guje kamar an koro ta? Ku dubi tawa ɗiyar, Hafsatu. 'Ya'yan wasu na can suna bin ƙwallo, ita kuwa mai tsaron gida aka zaɓe ta!"

Sai wani Alhaji daga baya ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, sauran suka ɗauka. Malamar ta matso kusa da ni, cikin ladabi ta ce, "Hajiya, gidan da take tsaro raga ce. Ita ce golarmu, kuma ba mu da kamarta."

Wayyo ni! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina waigawa sai ga Hafsatu a bakin taga cikin ɗalibai. Ita ba dariya take ba, idonta ya cika da hawaye, don ta san abin da za a raba ta da shi.

Aka ce masu son a hana su ɗaga hannu. Matan da ke gefena suka zuba mini ido, tunda ni na fi kowa zaƙewa. Amma da bakina na sa wa abin nan albarka, kuma ban taɓa jin uwar da ta janye albarkarta don an yi mata dariya ba. Hannuna na kan cinya har aka gama. Da ƙyar ƙwallo ta sha.

Daga baya na sayo mata safar ta gaske, kuma na koyi tambayar a kan me kafin in sa albarka. Matan unguwarmu ta Ƙofar Durbi dai ba su bar ni ba, ko a gidan suna sai an ce, "Hajiya, ya mai tsaron gida?" Ni ma na daina sunkuyar da kai. Cewa nake, "Tana nan tana tsaro, ba abin da ke shiga."