Yadda Za Ka Ɓoye wa Matarka Cewa Motarka Sai da Gangare Take Tashi

Ɗan'uwa, ka sayo 'yar ƙaramar motar gudu ta hannu, ja, mai ƙofa biyu, alhali matarka ta ce a sayi babba saboda jaririn da ke tafe? Ka rantse mata cewa ranar naƙuda cikin minti goma za ta kai ta asibiti, sai ga kik ya mutu a sati na biyu? Kwantar da hankalinka. Wata bakwai na yi a wannan hali. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin babu mai ganewa.

Mataki na 1: Nemi gangare

Motar da kik ɗinta ya mutu ba gawa ba ce, rakiya take so. Ajiye ta inda hanya ta gangara, hancinta ƙasa. Da safe ka murɗa makulli, ka taka kulochi, ka sa giya biyu, ka sauke hambirki. Tana fara tafiya ka saki kulochi, za ta tashi da ruri kamar ba ita ba. Idan gangaren yana gida goma daga naka, ce wa matarka inuwar can ta fi dacewa da fenti. Babu bishiya ko ɗaya a wurin, amma ka faɗa da ƙarfi.

Mataki na 2: Sake tsarin zumunci

Daga yau danginka kashi biyu ne: na tudu da na kwari. Gwaggonka ta kwari, gaishe ta ta waya. Kawun nan da kuka shekara uku ba kwa ga maciji, tunda gidansa a kan tudu yake, ka gano kana ƙaunarsa. Ni har mai aski na canza, sabon yana yanka min kunne amma ƙofar shagonsa ta gangara.

Mataki na 3: Kada ka kashe inji

Idan ka kai ta kasuwa, zauna a ciki, ka ce, "Je ki dawo, irin wannan injin ba ya son a riƙa kashe shi." Mai zai riƙa tafiya kamar ana zuba shi a rariya. Kada ka kalli allurar mai, kallonta ke sa ta sauka.

Mataki na 4: Girmama bakanike

Nawa Sai-Gobe ake ce masa. Kullum maganarsa ɗaya: "Ranka ya daɗe, kik ɗin wannan ba a samunsa a nan, an yi oda." Kafin odar ta iso ya canza min filogi, salansa, da siraran tayoyin nan da kowane rami ke fasawa. Ya yi sabon rufi a garejinsa, ya riƙe hannuna ya yi min godiya. Idan matarka ta tambayi gadon jaririn da ka ce za ka saya, gaya mata yaro ya fi lafiya a jikin uwarsa.

Mataki na 5: Kada ka firgita ranar

Naƙuda ba ta duba gangare. Tamu ta zo da tsakar rana, ranar da wata tifa ta juye yashi a wurin ajiyata, dole na tsaya a ƙofar gida inda ƙasa take shimfiɗe. Na kwantar da kujera, muka cusa surukata, da ta zo zaman jiran haihuwa, a baya tana salati. Matata ta zauna a gaba. Na murɗa makulli: ƙas. Na sake: ƙas. Sai na fita na buɗe bonet ina gyaɗa kai kamar na san abin da nake kallo.

"Maigida, rufe abin nan ka koma baya ka tura," in ji matata. Kafin in ankara ta rarrafa ta koma kan sitiyari, dafe da ciki.

"Haba, ai ba ki iya..."

"Giya biyu, a saki kulochi. Wata bakwai ina zaune a gefenka, makauniya ka ɗauke ni? Tura!"

Mataki na 6: Tura

Tura da gaskiya. Na tura har takalmina ɗaya ya fita, motar ta yi tari, ta tashi. Na miƙa hannu zan kama ƙofa, sai na ji surukata ta kwatsa ihu: "Kada ki tsaya, 'yar nan, mutuwa za ta yi!" Suka wuce. Wayata da walat ɗina duk suna ciki.

A ƙafa na je, asibitin kuma a kan tudu. Ina shiga, nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai turin? Barka, mace aka samu, tun ɗazu."

Kukan farko na 'yata, surukata ta ji, nas ta ji, har mai shara ya ji. Ni ban ji ba, kuma wallahi har yau abin yana yi min ciwo. Matata ta buɗe ido ta ce, "Ka cika alkawari, minti goma muka yi. Ga makullinka, na ajiye maka ita a gangare."

Gargaɗi

Ciwon baya, fushin gwaggo, takalmin da ya ɓata da kallon da suruka za ta riƙa yi maka har abada, duk ba ruwana, ni shawara kawai na bayar. Kuma da na ce babu mai ganewa, ban sa matarka a ciki ba.