Kunnen Bakanike Ya Tafi Hutu

Wani bakanike ne, irin mutanen nan da in suka ga abu a jikin wani sai zama ya gagare su. Ran nan aka kawo wata mota garejin da yake aiki. Mai motar na fitowa, sai bakaniken ya ga fatar kunnen mutumin da rami, an sa zobe a ciki, har kana hango bangon da ke bayansa. Gogan naka ya saki sifana, ya saki baki.

"Yallaɓai, hatsari ka yi?"

"Ado ne."

"Ado? Kai, ya yi maka kyau. Ko iska ba ta tsayawa gaisuwa."

Mai motar ya kwatanta masa shagon wata mata mai huda kunne. Ana tashi daga aiki, ko hannu bai wanke ba, sai ga shi a shagon. Matar ta zaunar da shi, ta goge kunnuwan da magani, ta huda, ta sa masa 'yan ƙananan 'yan kunne. Ya karɓi madubi ya duba dama, ya duba hagu.

"Hajiya, ina ramin?"

"Ga shi nan."

"Wannan ai ko tururuwa sai ta rage tumbi kafin ta wuce."

Ta ce, "Malam, kunne ba roba ba ne. Sai hudar ta warke sarai, ana maganar watanni. Sannan a ƙara kaurin ɗan kunnen da lamba ɗaya, a jira, a sake ƙarawa. Ka riƙa wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi. In lokacin ƙari ya yi, sai an shafa mai. In ka ji zafi kuwa, ka tsaya."

Duk cikin bayanin nan abu biyu ya ji.

"Lamba da mai? Haba Hajiya, ai sana'armu kenan."

Hudar ko bushewa ba ta yi ba, ya shiga bayan gareji da gutsuren madubin mota. Ya cire ɗan kunnen dama, ya lakato giris ya mulka, ya tura 'yar ƙusa. Hawaye na zuba yana cewa, "Sabon abu ne, dole ya yi tauri." Daga ƙusa ya koma murfin biro. Nan kunne ya ce shi fa ya tsaya.

Sai ga mai facin taya na gefensu ya leƙo.

"Kai ma ba ka da dabara. Nauyi za ka rataya masa, da kansa zai miƙe."

Gogan ya waiga, ya hango ɗan kwaɗon da maigidansa ke rufe akwatin kayan aiki da shi, a buɗe. Ya zura a kunne, ya danna. Ƙwas!

Mai faci ya ce, "Yauwa. Ina makullin?"

Gogan ya laluba aljihu, wayam.

Makulli na aljihun maigida, maigida kuma ya yi tafiya sayo kayan gyara.

Haka ya nufi gida, kai a karkace kamar motar da tayarta ɗaya ta sace. Matarsa na shanya a tsakar gida, ta ɗago ta gan shi. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zagaya shi sau ɗaya.

"Sannu da zuwa, Maigida. Me ke cikin kan ne da har ake tsoron a sace?"

"Ado ne."

"To, Allah ya kyauta. In an zo karɓar kwaɗon, da kai za a haɗa?"

Kafin gari ya waye kunne ya kumbura ya yi jajir, yana sheƙi kamar tumatir. Filo ma in ya matso kusa sai ya yi ihu. Ya koma gareji yana tallabe da kwaɗo. Mai walda ya dube shi da tausayi, ya jawo abin yanka ƙarfe, ya kunna.

"Kwantar da kanka a kan bencin nan. Kar dai ka motsa."

Ba a sake ganinsa ba sai a bakin titi. Allah ya taimake shi maigida ya dawo da rana. Ya buɗe kwaɗon, ya goge shi da tsumma, ya duba shi ciki da waje, ya ce, "Alhamdu lillahi, bai lalace ba."

Mai huda na ganin kunnen ta yi salati ta dafe ƙirji.

"Me ka sa masa?"

"Mai, kamar yadda kika ce."

"Wane irin mai?"

"Mai kyau, Hajiya. Wanda muke sa wa manyan motoci."

Ta wanke masa, ta tura shi asibiti aka ba shi magani. Da ya dawo ta ce, "Saurara da kyau. Ba za a sa komai ba sai kumburin ya saɓe, sannan mu koma ƙaramar lamba, mu faro daga farko. Zai warke, amma sai ka bar kunnen nan ya huta. Ka ji? Ya huta."

"Na ji."

Wannan karon kam ya bi umarni. Ya samu auduga ya toshe kunnuwan duka biyu. Maigida ya yi ta kira, "Miƙo min sifana lamba sha biyu!" Gogan na zaune. Aka taɓa shi, sai ya nuna kunne ya ce, "Yana hutu." A gida matar ta ce gas ya ƙare. "Yana hutu." Yara sun fasa tagar maƙwabci. "Yana hutu." Amma ana cewa abinci ya sauka, sai ka gan shi ya wanke hannu.

Matar ta gaji. Ta sa mayafi, ta tasa shi gaba har shagon, ta ji bayani da kunnenta. Daga ranar ita ta karɓi aikin. Ita ke haɗa ruwan gishiri, ita ke wankewa. Ya kai hannu, ta buge. Ya ce, "Yau kam ai a ƙara lamba," ta ce, "Hajiya ba ta ce ba." A hankali kunne ya warke. Aka ƙara kaɗan, aka jira, aka sake ƙarawa, har dai wata rana aka samu ramin da haske ke ratsawa.

Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ya juya mata gefen fuska.

"Uwargida, duba nan. Kina hango waje?"

"Ina hangowa."

"To faɗi gaskiya, wahalar nan ba ta yi amfani ba?"

"Ta yi mana. Shekara da shekaru maganata na shan zagaye kafin ta bi ta bayan kunnenka, yanzu ka fasa mata ƙofa."