Rumfar Abu Karafan

Duk wanda ya ce Jidda ba ta da manyan mutane, to bai taɓa gamuwa da Rafi'u Afandi ba. Allah Ya yi bayi iri-iri, amma Rafi'u na musamman ne. Ko tari zai yi sai ya gyara wuyan kwat tukuna. Aikinsa a kamfanin Shehu Abdulgaffar da ke unguwar Bagdadiyya shi ne rubuta lambar motar da ta fita da wadda ta shigo. Amma in ka ji shi yana bayani a gidan gahawa, sai ka rantse ba don shi ba da jiragen ruwa sun daina tsayawa a Jidda. Alƙalami uku ne a aljihun gabansa. Ɗaya ke rubutu, biyun 'yan rakiya ne.

Matarsa Mastura tana kiransa Abu Mahmud, yadda aka saba a nan. Mutanen unguwa kuwa sun raɗa masa sabon suna tun ranar da wani injiniya Bature ya tashi komawa ƙasarsu ya bar masa karafan, wato ɗakin nan mai ƙafafun mota da ake ja a baya, da gadonsa da tagarsa har da labule. Daga ranar ya zama Abu Karafan. Cikin kayan akwai rumfa ta naɗewa: sandunan ƙarfe huɗu, rufin tamfol mai ratsin shuɗi da fari, da wani ɗan littafi mai hotuna. Wata huɗu karafan yana tsaye a ƙofar gida, awakin maƙwabta na kwana ƙarƙashinsa, amma Rafi'u ya riga ya zama gwanin yawon duniya.

"Siyaha, wato yawon buɗe ido, ilimi ce," in ji shi, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Kakanninmu sun tako daga Kano zuwa nan a ƙasa, shekara bakwai. Allah Ya ji ƙansu, amma wannan wahala ce, ba siyaha ba."

Ana nan sai dama ta faɗo. Shehu Abdulgaffar, wanda shi ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yi baƙi injiniyoyi masu son zaga bakin teku da karafan har garin Yanbu, kwana goma. Yana neman wanda zai shugabanci tafiyar, ya zaɓi masauki, ya riƙe direbobi, ya dawo da baƙi da ransu. Ai tun kafin a rufe baki Rafi'u ya naɗa kansa a zuci. Saura Shehu ya sani. Sai ya gayyace shi cin rago a bakin tekun Abhur ran uku ga ƙaramar Salla, don ya ga aiki da idonsa.

Da hantsi aka isa bakin ruwa, karafan na rangaji a bayan akori-kura kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. An zo da direbobin kamfani shida, cikinsu har da Baffa Ubale, dattijo Bahaushen Sudan, wanda kafin ya kama tuƙi ya shekara ashirin yana kafa wa alhazai hema a Mina da Arfa. Aka ɗaga rumfa, ta tsaya ras. Gaskiya ta yi kyau. Baffa Ubale ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi teku, ya ce, "Afandi, bari in ɗaura maka zani ta yamma. Yanzu rana tana sama, amma in ta karkata, ta ƙarƙashi za ta shigo maka."

Rafi'u ya yi murmushin da malami ke yi wa dolon ɗalibi. Ya buɗe littafi.

"Ya ammi, baffana, dubi hoton nan. Ka ga zani? Ga Bature zaune a tsakiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon ruwa. Wanda ya ƙera rumfar bai san rana ba, sai kai? Wannan ba hemar alhazai ba ce. Halas, magana ta ƙare."

Ba wanda ya tuna masa cewa a ƙasar mai hoton, rana ake fita nema.

Ya sa aka ajiye kujerun ƙarfe biyu masu jar leda a tsakiyar rumfa daidai, ɗaya tasa, ɗaya ta Shehu. Sannan ya ja layi a yashi da ƙafar takalmi.

"Nizami, jama'a, a bi tsari! Rumfa ta shugabanni ce. Ma'aikata, tabarmarku a waje. Yalla."

Baffa Ubale ya ɗauki tabarmi ya zagaya bayan rumfa ta gabas, ya yi taku shida, ya shimfiɗa a tsakiyar rana tsirara. Direbobi suka fara gunaguni. Ya ce, "Ku je ku gasa rago, ku bar tabarma. Baƙuwa na tafe."

Har aka yi azahar inuwa tana wa Rafi'u biyayya. Ya dawo daga salla ya hau kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fuskanci teku, sak mai hoto. Daga nan ne rana ta leƙo. Ta fara gaida takalmi. Ta hau gwiwa. Ta tsaya jim a kan tumbi, don wurin da faɗi, sannan ta wuce zuwa alƙaluma. Ita kuwa inuwa ta sulale ta baya, ta tsallake layin nizami ba ko sallama, ta je ta kwanta luf a kan tabarmar Baffa Ubale. Inuwar giginya, na nesa ka sha ki! Direbobi suka miƙe ƙafafu, aka ɗora shayi da na'ana'a, wani har da gyangyaɗi.

Mastura tana zaune da mata a jikin karafan, ta leƙo ta ga mijinta yana naso cikin kwat ɗin ulu.

"Abu Mahmud, haram alaik, ka ji tausayin kanka! Ja kujerar nan baya mana. Ka koma kamar kifin da aka shanya."

"Ya hurma, ke mace, me kika sani? Shehu ya zo ya tarar da ni a wajen rumfa cikin leburori? Shugaba ba ya bin inuwa. Inuwa ke bin shugaba."

Inuwar dai ba ta ji Hausa ba, ta ƙara gaba. Girman kai rawanin tsiya. Gumi ya sauko masa daga ƙeya har safa. Alƙalamin nan ɗaya mai aiki ya ji wuta ya amayo tawada, ta zana masa taswira a ƙirji. Bai motsa ba.

Dab da la'asar farar marsandin Shehu ta tsaya. Dattijo ya fito cikin farar jallabiya shara-shara. Rafi'u ya miƙe yana tangaɗi, ya ware hannu.

"Ahlan wa sahlan, ya tawilal umur, ranka ya daɗe! Yau za ka ga siyaha irin ta zamani, bisa ƙa'idar littafi. Ga kujerarka, tun safe ba wanda ya taɓa ta."

Gaskiya ya faɗa. Rana kaɗai ta taɓa ta, awa uku cur. Shehu ya yi bisimilla ya zauna. Mutumin da sai an kama shi yake hawa matakala, ran nan ya yi tsallen da ko ɗan akuya sai ya yi shawara. Direbobi shida suka sunkuyar da kai, kowa ya ga wani abin sha'awa a cikin yashi.

Baffa Ubale ya matsa gefe, ya kaɗe tabarma. "Tafaddal, ya Shehu."

Shehu ya zauna a hankali, a karkace. Ya sha shayi kofi biyu kafin ya yi magana.

"Wa ya shimfiɗa tabarma a nan?"

"Baffa Ubale ne," in ji wani direba. "Tun hantsi, lokacin nan duk rana ce."

Shehu ya dubi rumfa, ya dubi rana, ya dubi Baffa Ubale. "Kai za ka kai mini baƙi Yanbu." Sannan ya nuna Rafi'u, wanda ya koma kujerarsa don kada a ce ya bar wurin aiki. "Shi kuma wancan tun yaushe yake can?"

"Tun azahar. Ko gezau."

"Masha Allah! A sitona na unguwar masana'antu, masu gadi uku sun gudu, wai ba bishiya ba katanga. Ashe wanda nake nema yana ofishina."

Yanzu in ka je gidan gahawa za ka ji an ƙara wa Rafi'u Afandi girma. Da bakinsa ya faɗa: Mudirin Ƙofa, wato daraktan ƙofar sito, ko Shehu ba ya shiga sai ya buɗe masa. Ya so ya tafi da rumfarsa, sai dai Shehu ya are ta, ta yi Yanbu. In ka bi ta wajen siton da tsakar rana za ka hango shi tsaye ƙyam cikin kwat. Duk faɗin filin inuwa ɗaya ce tak, tasa, ita ma ta shige ƙarƙashin takalminsa ta ɓuya.