Rasuwar Bajamushiya a Zauren Shehi Naji

Ranar Talata da hantsi aka leƙa cikin bindigata a gaban mutum arba'in, aka ce ta mutu.

Saboda haka, da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya rage mini na kunya, ni Mahyub ɗan Sagir, tsohon malamin tarihi a wannan ƙauye namu na kan duwatsun Yaman, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka riga suka ji suka yi dariya, rasuwar Bajamushiya, wadda na gada daga mahaifina. Ta rasu tana da shekara tamanin da ɗoriya, wata goma sha huɗu bayan rasuwar matata Takiyya.

Marigayiya mai kamun kai ce. Ba ta taɓa kashe mutum ba, abin da ba zan iya faɗa game da yawancin sa'o'inta na wannan kwari ba. Aikinta korar birai daga gonar dawa, da amsa gaisuwa ranar Idi ko ɗaurin aure. In aka ja sakatarta sai ta ce ƙaras, a mayar ta ce kas, kamar dattijuwa na gyaran murya. In ta ce tau, dutsen da ke tsallaken kwari yakan maimaita sau uku. Ta fi limaminmu taƙaita magana, ta kuma fi shi samun masu saurare.

Ni na kula da ita, kuma ban ɓoye wa kowa hakan ba. Duk ranar da na harba ta, nakan zura tsumma mai mai a bututunta, in goge katakonta da man riɗi, in rataye ta, in tafi majalisar masu tauna ganyen kat da littafi a hammata. A can na sha yi wa matasa lacca kan yadda ake riƙon makami. Wasunsu suna zauren ranar Talata.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Lahadi ɗana Mukbil ya yi faɗa da Sinan, ɗan kawunsa Hizam, kan wanda ruwan tafki zai fara bi ta gonarsa. Mukbil ya ɗaga fartanya. Sinan yana asibiti a birni da fasasshen kai, bai farfaɗo ba tukuna. Hizam yayan matata ne, yana da wasu 'ya'ya maza uku, kuma babu mai karatun tarihi a cikinsu. Shehi Naji, shugaban ƙauyenmu, ya ɓoye Mukbil a benen gidansa, ya ce kowane gida ya kawo bindigar jingina kafin azahar ta Talata, shaidar an yarda da hukuncinsa. In an kira salla babu jinginarmu a hannunsa, zai janye rigarsa daga kan yaron.

Hizam ya ajiye tasa, sabuwa fil. Na ajiye Bajamushiya a kan shimfiɗa, ina jin kaina. 'Ya'yansa uku suna tsaye a bakin ƙofa, ba su zauna ba, ba su sauke nasu daga kafaɗa ba.

Shehi ya zare sakatar, ya sa farcen babban yatsa a gindin bututun, ya juya ta wajen taga, ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe. Bututu mai lafiya yakan nuna zane a murɗe yana sheƙi. Ya nemi sandar gogewa, ya zura farin tsumma. Tsumman ya fito ja kamar an goge ƙasan tukunya. Sai ya ɗauki harsashi ya sa kansa a bakin bindigar. Ya shige har wuya, ba ko turjiya.

"Ustaz," in ji Shehi a hankali, "wannan ai gawa ce."

Babban ɗan Hizam ya tako ciki. "Gawa ya kawo mana? Ɗan uwanmu na kwance, shi kuma ya kwaso ƙarfen bola? Raini ke nan, Baba!"

"Ba ni da wata," na ce.

"To ba ka da jingina. Shehi, sauko mana da ɗan nasa mu gaisa."

Na ji wata sakata ta ce ƙaras a bakin ƙofa. Ba tawa ba ce. Na dubi maƙwabtana, ko wani zai ara mini tasa. Duk suka sami abin kallo a silin. Inuwar taga ta kusa barin bango, ladan kuma ya riga ya miƙe ya fita yin alwala.

"Miƙo ta nan," in ji Hizam.

Ya leƙa. Ya shinshina bakinta. Ya juya harsashin ya duba gindinsa.

"Malam mai littattafai, da wannan kake harbi?"

"Da shi. Akwati guda mahaifina ya bari, tun na lokacin yaƙi."

"In ka harba, da me kake wanke ta?"

"Da mai, Yaya Hizam. Mai kyau. Na kwalba."

"Da mai." Ya dubi jama'a. "Ya ce da mai. Kai, wannan tsohon harsashi gishiri yake bari a ciki. Mai ba ya cire gishiri, rufe shi yake yi ya ci ƙarfe a ɓoye. Tafasasshen ruwa ake zubawa ranar da aka harba, buta biyu, har bututun ya yi zafin da zai shanya kansa. Jikokina ma sun san wannan. Shekara nawa tana hannunka?"

"Talatin da ɗaya."

"Da mai kawai, da ba ta kai shekara biyu ba. Sau nawa ka harba tun da muka binne Takiyya?"

"Sau uku."

Mahaifinsu, shi da Takiyya, maƙerin bindiga ne, kuma bai ware 'ya'ya mata ba wajen koyarwa. Na san wannan tun ranar aurena. Na ajiye shi a kaina kamar shekarar wani yaƙi, ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba.

Hizam ya shafa katakon da tafin hannu, ya mayar da sakatar da kansa, ya ɗora bindigar kusa da tasa.

"Karɓi, Shehi."

"Baba!" in ji babban ɗansa.

"Rufe mini baki. Shekara talatin hannun ƙanwata na cikin wannan ƙarfe. Na karɓi jinginarta. Ba tasa ba." Ya nuna ni da haɓa. "Shi ba shi da komai a nan."

Ladan ya kira salla.

Na hau bene na sami Mukbil a tsugune bayan ƙofa. Ya ji komai.

"Ka sani?" na ce.

"Baba, kowa a gidan ya sani. Kana fita majalisa take sauke ta, ta wanke, ta shafa man naka, ta mayar yadda ka rataye."

"Me ya hana a faɗa mini?"

"Ta gwada sau ɗaya, tana amarya. Ka ce bindiga ba kwanon miya ba ce, ka ɗauko mata littafi."

Marigayiya ta bar rabin akwatin harsashin da ya kashe ta, da ƙusa a bango, da kwalbar mai wadda ban ga laifinta ba. Ta bar ni kuma, ga duk wanda yake ganin wannan abin gado ne.

Gawa za ta ci gaba da kwanciya a zauren Shehi har ranar Asabar, ranar hukunci. Ana roƙon jama'a su yi wa Sinan addu'a kafin su yi mata, domin in bai tashi ba, jingina ba za ta tare komai ba. In Allah ya sa an rabu lafiya, za a naɗe ta a farin ƙyalle bayan la'asar, a haƙa mata a ƙarshen gonarmu ta ƙasa. Ba a so a harba ko ɗaya. Masu zuwa ta'aziyya su zo da kat ɗinsu, su bar shawararsu a gida.

Daga can ni zan wuce maƙabarta, ni kaɗai. Akwai maganar da ake yi wa ko baƙon da ya kama maka jaki a hanya, kuma shekara talatin ina da damar yin ta a ƙofar madafa.

Sannu da aiki, Takiyya.