Niƙa Ba Dutse

Ba zan taɓa mantawa da tayar Malam Bulus ba. Ko na so in manta, matan Kafanchan ba za su bar ni ba.

Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana da yamma a makarantar mishan, da furfurata da komai. Karatu na zo nema, amma baki da shi na zo. A unguwarmu an san ba wanda ya taɓa jin na ce na yi kuskure (har mijina, Baban Ladi, da ya fi kowa jira), kuma ina ji da wannan suna.

Malaminmu, Malam Bulus, tsohon soja ne, sa'an ɗan farina. Ranar darasin kiwon lafiya ya zo da wata 'yar taya mai mariƙi dama da hagu. Ya durƙusa, ya tura ta gaba har ƙirjinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya jawo ta. Sai ya tambaye mu wace tsoka ce ta yi aikin. Na ce hannu, tun bai rufe baki ba. Ya ce hannu riƙo kawai yake yi. Tsokar ciki ce mai aikin, da ta kwiɓi, baya da kafaɗu suna taya ta.

Na ce masa ya yi haƙuri, wannan ai niƙa ne. A durƙusa, a tura, a jawo: tun ba a haife shi ba nake yi a kan dutse, kuma damtsena ne shaida.

"Mama, ba ɗaya ba ne," in ji shi a hankali.

"Ba ni nan, ɗana."

Na ɗaure zani, na durƙusa, na tura da ƙarfin da nake ba dawa. Abin da ban lissafa ba shi ne dutse yana da iyaka, taya kuwa ba ta da burki. Ta tafi, na bi ta. Cikina ya nemi ya tsayar da ni, ya kasa. Haɓata ta sha siminti, ɗankwalina ya wuce gaba, tayar ta gangara har gindin allo. Sai ƙawata Saraya ta ce, "Garin ya yi laushi, ko za ki ƙara?"

Na tashi na ce santsi ne. Da gari ya waye, hannuna lafiya lau, amma daga ƙirji zuwa mara kamar an yi mini dukan sakwara. Tari ya gagara. Ranar Lahadi na kasa jan waƙa a zumuntar mata ta coci, ina dafe da ciki, har wata tsohuwa ta matso ta yi mini barka da samun ƙaruwa.

Baban Ladi ne ya dafa ruwa yana gasa mini. Yana matse tsumma, bai ko dube ni ba, ya ce, "Wane hannun zan fara gasawa?"

Na yi dariya, dariyar ta kama ni daidai inda Malam ya faɗa.

Ran Litinin na miƙe a gaban aji na ce ciki ne, na yi kuskure. Saraya ta roƙi Malam ya rubuta a allo mu koyi karanta shi, tunda ba lalle a sake ji ba.

Har yau bakina bai sami burki ba. Amma kafin in tura shi, nakan duba ko dutse ne a gabana ko taya.