Ƙyallen Walimar Tsaskiya

Tunda na rubuta 'yar manhajar da ke sauƙaƙa wa masu irin sana'ata aiki da haruffan Larabci, na raina kowa. Kawu Malam ya sa ni yin ƙyallen maraba na walimar saukar ɗalibansa a Tsaskiya. Ya nemi gani kafin a buga a Batsari, na ce, "Kawu, na'ura ba ta kuskure a hannuna."

Ranar walima aka warware ƙyallen gaban malamai. Haruffan duk sun rarrabu, sun taso daga hagu maimakon dama. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ta bayan ƙyallen ake karantawa?"

Har yau in na je garin, da baya-da-baya ɗalibansa ke tahowa gaishe ni.